Ray Bradbury da garin ƙuruciyarsa: tambayoyi da amsoshi kan littattafansa da finafinan da aka yi da su

Waɗannan su ne tambayoyin da masu karatu suka fi yi idan sun fara cin karo da labaran Ray Bradbury na begen ƙuruciya, ko kuma sun kalli wani fim da aka ce daga littafinsa aka ɗauko shi, suka ga abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A wasu amsoshin an faɗi yadda labari ya ƙare, don haka mai gudun a ɓata masa karatu sai ya yi hattara.

Wane ne Ray Bradbury, kuma me ya haɗa shi da begen ƙuruciya?

Marubuci ne Ba'amurke, an haife shi ranar 22 ga Agusta 1920 a garin Waukegan na jihar Illinois, ya rasu ranar 5 ga Yuni 2012 a Los Angeles yana da shekara 91. Duniya ta fi saninsa da Fahrenheit 451 na 1953, labarin ƙasar da ake ƙona littattafai, sai mutane suka ɗauka marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne. Shi kuwa yakan ce wannan littafin kaɗai ne nasa na kimiyya, sauran duk labaran al'ajabi ne, na abin da ba zai taɓa faruwa ba.

Iyayensa sun bar Waukegan gaba ɗaya a 1934, lokacin matsin tattalin arziki, yana ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu. Bai shiga jami'a ba; jarida ya sayar a bakin titi, ya yi karatunsa a laburare. Ya zauna a Los Angeles kusan shekara tamanin, amma alƙalaminsa bai daina komawa wancan ƙaramin garin da ya baro ba. Ko a labaransa na duniyar Mas, idan ka duba da kyau, barandar gidan kakarsa za ka tarar an dasa a can.

Green Town da ake yawan ambata gari ne na gaske?

Waukegan ce ya canza wa suna a littattafansa. Tana bakin tafkin Michigan, kimanin kilomita 60 arewa da Cikago. Kwazazzabon da ya ratsa tsakiyar garin a littattafan yana nan har yau, da matakalarsa, an mayar da wurin filin shaƙatawa mai ɗauke da sunansa. Tsohon ginin laburaren Carnegie na 1903 ma yana nan. Gidan kakanninsa yana maƙwabtaka da na iyayensa, kamar yadda yake a labarin. Sunan yaron littafinsa Dandelion Wine ma, Douglas Spaulding, haɗi ne: Douglas sunansa na tsakiya, Spaulding kuma sunan tsakiya na mahaifinsa.

Sai dai Waukegan ta gaske gari ne na masana'antu, da tashar jiragen ruwa da tulin gawayin kwal da layukan dogo. A gabatarwar da ya ƙara wa Dandelion Wine daga baya, ya ba da labarin wani mai sharhi da ya yi mamakin yadda bai ga munin wurin ba. Amsarsa ita ce ya gani sarai, amma ga yaro taragon kaya da ƙanshin hayaƙin kwal abin sha'awa ne, sai mutum ya girma ake koya masa cewa muni ne.

Waɗanne ne littattafan Green Town, kuma da wanne ya kamata a fara?

Huɗu ne. Dandelion Wine na 1957, Something Wicked This Way Comes na 1962, Farewell Summer na 2006, sai tarin gajerun labarai da gutsattsari mai suna Summer Morning, Summer Night da ya fito a ƙarshen rayuwarsa.

Mai son labari mai jan hankali, wanda ake ɗokin jin abin da zai biyo baya, ya fara da na 1962. Mai haƙurin karatu a hankali ya fara da na 1957. Kada a fara da na 2006 ko tarin gutsattsarin, domin duka biyun sun ɗauka cewa ka riga ka san garin da mutanensa. Na 1957 da na 1962 ba ci gaban juna ba ne: gari ɗaya ne, amma yaran daban, kuma ba sai ka karanta ɗaya za ka gane ɗayan ba.

Wasu sun ce Dandelion Wine ba shi da labari. Gaskiya ne?

Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Ba a rubuta shi a matsayin labari guda ba. Gajerun labarai ne da yawancinsu suka fara fitowa a mujallu tun daga shekarun 1940, ya zo ya ɗinke su da gajerun babi na hirar yara. Babi-babin ma ba su da suna. Abin da ya riƙe su shi ne lokaci, wato watanni uku na hutun makarantar 1928, da kuma yaro ɗan shekara 12, Douglas, da ƙanensa Tom ɗan shekara 10.

Amma akwai zare, kuma in ka kama shi littafin ya zama wani abu dabam. A farko Douglas ya bi mahaifinsa daji tsinkar 'ya'yan itace, nan ya farga a karon farko cewa shi rayayye ne. Daga nan sai littafin ya shiga ƙwace masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Taragon lantarkin garin ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, za a kawo bas. Babban abokinsa John Huff ya ƙaura zuwa Milwaukee. Tsohon soja Kanar Freeleigh, wanda yara ke kira na'urar komawa baya saboda labaransa, ya mutu da kan tarho a hannu, yana sauraren hayaniyar titin birnin Mekziko ta tagar da wani abokinsa ya buɗe masa a can. Kakar mahaifinsa ta kwanta ta yi sallama da kowa ta cika. Kafin hutun ya ƙare yaron ya gano cewa shi ma zai mutu, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Douglas yana riƙe da ɗan littafin rubutu da fensir, ya raba shafukan gida biyu: abubuwan da ake maimaitawa kowace shekara, da abubuwan da ya gano a karon farko. Mai karatu zai iya bin wannan rabon da kansa, babi bayan babi, ya ga yadda gida na biyu ke ƙara nauyi.

Sunan littafin fa? An ce giya ce.

Giya ce ta gida. Dandelion wata ciyawa ce mai fure rawaya da ke fitowa barkatai a farfajiyar gidajen can, masu gida suna ɗaukarta ciyawar banza. Kakan Douglas yana biyan yaran senti goma na Amurka a kan kowane buhu da suka tsinko, a matse furen a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a haɗa da ruwan sama, a bar shi ya tsimu, a ɗura a tsofaffin kwalaben miyar tumatir. Kwalba casa'in da 'yan kai, kowace rana ta hutun da kwalbarta. Idan hunturu ya yi tsanani mura ta kama mutanen gida, kaka takan sauka ta ɗauko kwalba a ba mutum ɗan kaɗan a matsayin magani. Ba littafin mashaya ba ne. Kwalaben na tsaye ne a madadin ranakun da aka adana, kuma babi-babin littafin su ma haka aka jera su. Abin lura a gefe: a 1928 dokar hana sayar da giya tana aiki a Amurka, daga 1920 har 1933.

'Yan sama jannatin Apollo 15 sun raɗa wa wani rami a duniyar wata sunan wannan furen a 1971 saboda littafin.

Me ya sa yake ta maganar lokutan shekara kamar su ne jaruman labarin?

Domin a Illinois bambancinsu yana da tsanani, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai rasa rabin ma'anar. Yuni zuwa Agusta lokacin zafi ne, amma zafi mai ɗanyen ganye da ruwan sama, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, makarantu a rufe, mutane suna hira a baranda har dare. A ido ya fi kama da damina fiye da bazararmu mai ƙura. Oktoba kuma ganye ke ja ya zube, dare ya ƙara tsawo, ana jiran dusar ƙanƙara, a ƙarshensa ne ake bikin Halloween, daren 31 ga wata, yara su sa kayan dodanni su bi gida-gida. A wurin Bradbury watannin zafi ƙuruciya ce, Oktoba kuwa lokacin da mutum ke fara jin sanyin mutuwa. Dandelion Wine littafin zafi ne, Something Wicked littafin Oktoba.

Ba dai kawai yabon zamanin da ba ne, irin na tsofaffi?

Nan ne aka fi yi masa mummunar fahimta, har da masu shirya finafinai. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma Bradbury ya san haka sarai. Kusan duk inda wani a labaransa ya nemi ya koma baya da gaske, abin ya zame masa masifa.

Dubi Leo Auffmann a Dandelion Wine. Ya yi makonni a gareji yana ƙera na'urar farin ciki, akwati ne da mutum zai shiga ya ga birnin Faris, ya ji ƙanshi, ya ga faɗuwar rana da ba ta ƙarewa. Ɗansa ya shiga a ɓoye, aka ji shi yana kuka cikin dare. Matarsa Lena, uwar 'ya'ya shida, ta shiga ta fito da hawaye. Ta ce da can ba ta taɓa tunanin Faris ba, yanzu ya sa mata kwaɗayin abin da ba za ta samu ba, ga kwanuka na jiranta a wanke. Na'urar ta kama wuta ta ƙone. Ko kuma tsohuwa Misis Bentley mai shekara 72, mai ajiyar tikiti da hotuna da kayan yarinta. 'Yan mata biyu suka ƙi yarda ta taɓa zama yarinya. Ta nuna musu hotonta, suka ce na wata ne ta samo. Daga ƙarshe ta rabu da kayan, ta yarda cewa ita dai tsohuwa ce.

Mafi tsanani shi ne labarin “Mars Is Heaven!” na 1948, wanda ya shiga The Martian Chronicles na 1950 da sunan “The Third Expedition”. 'Yan sama jannati sun sauka a duniyar Mas, suka tarar da ƙaramin garin Illinois irin wanda suka tashi a ciki, da iyaye da kakannin da suka rasu suna musu maraba. Kowa ya bi danginsa gida. Kyaftin John Black yana kwance kusa da yayansa cikin dare sai tunani ya zo masa: in da mutanen Mas na son hallaka baƙi masu makamai, wace dabara ta fi a ɗauko abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsu a gina musu tarko da shi? Ya tashi zai sulale, ya ce ruwa zai sha. Bai kai ƙofa ba. Da safe aka yi jana'izarsu duka da kiɗan badujala.

Ko garin kansa ba aljanna ba ne. Akwai mai kisan mata da ke yawo cikin dare, kuma babin da Lavinia Nebbs ta ratsa kwazazzabo ita kaɗai bayan an tashi daga silima, tana ƙirga matakala, yana cikin abubuwa mafi ban tsoro da ya rubuta. Ta isa gida, ta kulle ƙofa, ta sauke ajiyar zuciya, sai wani ya yi gyaran murya a bayanta cikin falo.

Mene ne labarin Something Wicked This Way Comes a taƙaice?

Yara biyu maƙwabta, Will Halloway da Jim Nightshade, an haifi ɗaya minti guda kafin sha biyun daren 30 ga Oktoba, ɗayan minti guda bayanta. Saura mako su cika 14 sai jirgin ƙasa na masu wasan nishaɗi ya iso garin da ƙarfe uku na dare, a lokacin da ba a saba zuwan irinsu ba. Shugabansu Mista Dark ne, jikinsa duk zane. Suna da lilon dawakan katako mai kewayawa: kowane zagaye gaba yana ƙara wa mahayi shekara ɗaya, kowane zagaye baya yana rage masa ɗaya. Jim na ɗokin girma. Mahaifin Will, Charles, mai shara ne a laburare, shekararsa 54, yana jin ya tsufa da zama uban yaro. Kowannensu da ƙofar da za a shigo masa ta ita.

Maganin miyagun a littafin dariya ce da ƙauna. Charles ya fashe da dariya a gaban mayyar da ta zo tsayar masa da zuciya, sai ƙarfinta ya karye. Wannan yana aiki a takarda domin an shafe shafuka ana cikin kan mutumin. Riƙe wannan, domin a nan fim ɗin ya sami cikas. Sunan littafin daga bakin mayya ne a wasan Macbeth na Shakespeare.

Me ya faru da fim ɗin 1983? Ya cancanci kallo?

Ya cancanta, in an san tarihinsa. Abin dariyar shi ne labarin tun asali don fim aka tsara shi. Tushensa gajeren labari ne na 1948 mai suna “The Black Ferris”. A tsakiyar shekarun 1950 Bradbury ya faɗaɗa shi don ɗan wasan fim Gene Kelly ya ba da umarni, kuɗi ba su samu ba, sai ya mayar da shi littafi ya sadaukar da shi ga Kelly.

Kamfanin Disney ne ya yi fim ɗin, Jack Clayton ya ba da umarni, Bradbury ya rubuta tsarin. Clayton ya sa wani marubuci, John Mortimer, ya yi wa rubutun kwaskwarima, abin da ya ɓata tsakaninsa da Bradbury. Da aka gwada fim ɗin ga 'yan kallo bai karɓu ba, kamfanin ya karɓe aikin. Aka cire kiɗan Georges Delerue aka sa na James Horner, aka ƙara muryar mai ba da labari, aka sake ɗaukar wasu wurare bayan kusan shekara guda. Ana iya gane su da ido: a wurin da gizo-gizo suka cika ɗakin kwana, yaran biyu sun fi girma a fuska da murya fiye da sauran fim ɗin. An kashe kusan dala miliyan 20, abin da ya dawo a Amurka bai kai rabi ba.

An kuma sauya abubuwa. Charles ya zama mai kula da laburare, aka ƙirƙiro masa tsohon laifi na kasa ceton ɗansa a ruwa, domin a ba mai kallo dalili da zai gani da ido. Malama Foley, malamar makarantar yaran, ta zama tsohuwa mai begen kyawunta, ta samu kyawun ta makance. Ƙarshen ya koma tsawa da walƙiya.

Wuri ɗaya ya isa dalilin kallo. A laburare, Jonathan Pryce a matsayin Mista Dark yana tsaye gaban Jason Robards a matsayin Charles, yana yi masa tayin ƙuruciya a kan ya faɗi inda yaran suka ɓuya. Yana kiran shekaru ɗaya bayan ɗaya, duk shekarar da Charles ya yi shiru sai ya yage shafi daga littafi ya jefar, shafin na haske yana mutuwa a ƙasa. Babu dodo, babu jini, mutum biyu ne da takarda.

To me ya sa finafinansa da yawa ba sa kai littattafan?

Dalili na farko shi ne ƙarfin Bradbury yana cikin muryar mai ba da labari. Abin da ke faruwa sau da yawa ƙarami ne: yaro na son sabon takalmin roba, kuɗinsa sun gaza da dala ɗaya, ya lallashi mai kanti Mista Sanderson ya sa takalmin a ƙafarsa ya ji. A takarda shafuka ne na abin da ƙafa ke ji. A kyamara tsoho ne kawai tsaye da takalmi.

Na biyu, mutanensa ba sa magana irin ta yau da kullum, kowa kamar mawaƙi. Ido na karɓar haka a shafi, amma in ɗan wasa ya furta shi da fuska a kusa sai ya zama wa'azi. Na uku, yawancin ayyukansa gajeru ne, shafi goma zuwa ashirin. A ja su zuwa minti casa'in dole a cusa abin da babu. Haka aka yi wa “A Sound of Thunder” a 2005, labarin mafarautan da suka koma zamanin manyan dabbobin da suka ɓace, ɗayansu ya taka malam-buɗe-littafi: aka cika shi da gudu da halittun kwamfuta marasa kyau, ya faɗi warwas. The Illustrated Man na 1969 da Rod Steiger ya ɗauki labari uku kacal cikin goma sha takwas, kuma ba a sa Bradbury a rubutun ba. The Martian Chronicles na tashar NBC a 1980, kashi uku da Rock Hudson, Bradbury da kansa ya faɗa wa 'yan jarida cewa yana da gundura.

Na huɗu kuma shi ne raba zaƙi da ɗaci. Mai shiri yakan zaɓi ɗaya, ko dai ya yi fim na hasken rana da kakanni masu murmushi, ko na tsoro zalla, alhali a littattafan a shafi guda suke.

An taɓa yin fim ɗin Dandelion Wine?

Hollywood ba ta yi ba har yanzu, duk da an sha sanar da niyya. An yi shi da Rashanci don talabijin a 1997, kashi huɗu, Igor Apasyan ya ba da umarni; Bradbury na da ɗimbin masoya a can tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Shi da kansa ya mayar da littafin wasan daɓe, kuma ƙungiyar Colonial Radio Theatre ta Boston ta yi wasan sauti da shi. Wasu babi, kamar na na'urar farin ciki da na Lavinia, an yi su ɗai-ɗai a shirinsa na talabijin.

Wane shiri ne wannan, kuma rediyo fa?

The Ray Bradbury Theater, daga 1985 zuwa 1992, kashi 65, kowanne ƙasa da rabin awa, duka shi ya rubuta. Ya fara a HBO ya koma USA Network, an ɗauka a Kanada da Ingila da Faransa da New Zealand. Kuɗin aikin kaɗan ne kuma hakan na nunawa, musamman a labaran sararin samaniya, inda kumbon kan yi kama da kwali. Waɗanda suka fi kyau su ne na ɗaki da titi: “The Playground” da William Shatner, “The Town Where No One Got Off” da Jeff Goldblum, “Banshee” da Peter O'Toole. Tsawon rabin awa shi ne daidai wuyan labaransa.

Rediyo kuwa ta fi kowa iya shi, domin ta bar wa mai sauraro aikin gani. Shirye-shiryen Dimension X na 1950 zuwa 1951 da X Minus One na 1955 zuwa 1958 sun yi “Mars Is Heaven!” da wasu da dama, kuma ana samunsu a rumbunan tsofaffin shirye-shiryen rediyo a intanet. Bradbury 13 na 1984, labari goma sha uku, ya ci lambar Peabody. A saurara da abin sawa a kunne, domin aikin sautin shi ne rabin daɗin.

Gaskiya ne an taɓa satar labaransa a mujallun zane?

Gaskiya ne. A 1952 kamfanin EC Comics ya haɗa labaransa biyu, “Kaleidoscope” da “The Rocket Man”, ya fitar da su da sunan “Home to Stay” ba tare da ambatonsa ba. Maimakon ya kai ƙara, sai ya rubuta musu wasiƙa cikin ladabi cewa da alama sun manta ba su aiko masa da dala 50 ɗinsa ba. Suka biya, aka ƙulla yarjejeniya, suka zana labaransa fiye da ashirin da izini.

Wanne za a iya ba yara?

The Halloween Tree na 1972 don yara aka rubuta shi: yara takwas suna bin wani baƙon mutum, Moundshroud, ta tsohuwar Masar da Turai da Mekziko don ceto abokinsu Pipkin, kowannensu ya ba da shekara ɗaya daga ƙarshen rayuwarsa. Zanen katun na Hanna-Barbera na 1993 ya rage yaran zuwa huɗu har da mace ɗaya, Leonard Nimoy ya yi muryar Moundshroud, Bradbury ya yi ta mai ba da labari, ya kuma ci lambar Emmy da rubutun. Mutane da yawa na ganin shi ne ya fi kusa da ruhin littattafan, kuma dalilin a bayyane yake: muryarsa na ciki. Iyaye su sani dai labarin ya ginu ne a kan al'adun mutanen da game da matattu da fatalwa, gara babba ya fara dubawa.

The Electric Grandmother na 1982, da Maureen Stapleton, labarin marayu uku ne da aka sayo musu kaka ta inji. Ba shi da ban tsoro, amma yana sa kuka. Dandelion Wine ya fi dacewa da ɗan shekara 13 zuwa sama saboda babin mai kisan. Farewell Summer kuwa babinsa na ƙarshe yana maganar balaga a fili.

Turancinsa yana da wuya?

Kalmomin ba su cika wuya ba, kwatancen ne ke da yawa. Jimla ɗaya na iya ɗauke da kamance uku a jere. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a buɗe ƙamus a kowane layi, sai kiɗan jimlar ya tsinke, mutum ya gaji a shafi na ashirin. Abin da ya fi shi ne a karanta babi guda a zama ɗaya ba tsayawa, yawanci shafi biyar zuwa goma ne, a ja layi ƙarƙashin abin da ya shige duhu, sai an gama a duba guda biyar ko shida da suka fi maimaituwa. Yawancinsu sunayen kaya ne na Amurkar 1928, alewa da itatuwa da motoci. Hoton abin a intanet ya fi fassarar ƙamus amfani. Babi biyu a rana ya isa. Inda sakin layi ya rikice, a karanta shi da ƙarfi. Wanda ke son gwaji kafin ya sayi littafi ya nemi “The Lake” na 1944, shafuka kaɗan ne, labarin mutumin da ya koma bakin tafkin da ƙawarsa ta yarinta ta nutse.

Akwai bambanci tsakanin bugu da bugu?

Akwai, musamman a The Martian Chronicles. Bugun Ingila na 1951 sunansa ma daban, The Silver Locusts, kuma jerin labaran ba ɗaya ba ne. Bugun 1997 ya tura duk shekarun gaba da shekara 31, abin da ya fara a 1999 ya koma 2030, ya kuma cire “Way in the Middle of the Air” ya sa “The Wilderness”. Kafin a saya a duba shekarar babin farko da jerin abin da ke ciki. A Dandelion Wine kuma a nemi mai ɗauke da gabatarwar marubucin, wadda bugun farko ba shi da ita.

Garin nan nasa na kowa ne, ko na farar fata kawai?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsar ba ta yi wa littafin daɗi. Green Town na Dandelion Wine gari ne na fararen fata masu rufin asiri. Baƙar fata da ma'aikatan masana'antar Waukegan kusan ba sa ciki. Abin da yaron ya gani aka rubuta, kuma bai ga kowa da kowa ba. Amma Bradbury bai kau da kai daga wariyar launin fata a sauran ayyukansa ba. “The Big Black and White Game” na 1945 wasan ƙwallon sanda ne tsakanin baƙin otal farare da ma'aikata baƙaƙe. Labarin da aka cire daga The Martian Chronicles a bugun 1997 na baƙaƙen kudancin Amurka ne da suka tattara kayansu gaba ɗaya suka tashi zuwa Mas, “The Other Foot” na 1951 kuma ya nuna ranar da farar fata ya biyo su can yana neman mafaka.

Farewell Summer ya kai na farkon?

Bai kai ba. Asalinsa wani ɓangare ne na rubutun da ya kai wa kamfanin Doubleday a shekarun 1950, editansa Walter Bradbury, wanda ba danginsa ba ne, ya ba da shawarar a raba, ragowar ta zauna kusan shekara hamsin. Labarin na Oktoban 1929 ne, Douglas da abokansa sun ɗaura yaƙi da tsofaffin garin ƙarƙashin Calvin Quartermain, har suka kai wa agogon kotun garin hari don su tsayar da lokaci. Gajere ne, ana gama shi a zama biyu, kuma hirar ƙarshe tsakanin yaron da tsohon ita ce wurin da ya fi ƙarfi.